Abin da Kaji Suka Ci

…kuma wai ni ce mai laifi. Ni. Mujtaba ɗana, da kana nan da ka ga abin da matarka Sara ke yi da abinci. Fulawa, gishiri, man riɗi, ta kwaɓa, ta rina da zoborodo, ta miƙa wa 'yarka Jannatu — 'yar shekara biyu da rabi — wai ta yi wasa. Wasa da fulawa!

Wai haka suke yi a makarantar ƙananan yara da ta koyar a Madani. To nan Gadarif ne. Laka ta ƙare a duniya ne? Mu da ita muka yi namu wasan, ba mu mutu ba.

Shekara nawa ina yankan riɗi a Simsim, baya a tanƙware, rana na dukan ƙeya… uwata ko ɓarɓashin kisra, gurasarmu ta dawa, ta gani a ƙasa sai ta ɗauka ta sumbata ta ɗora kan katanga. Albarka ce, ba a taka ta. Yau ga ta a faranti an mulmula: ɗaki, bishiya, akuya mai ƙafa uku, 'yan mutane tsaitsaye. Kwana huɗu a ƙarƙashin gado, ƙuda na bi.

To me zan yi? In zuba a shara? Na farfasa, na jiƙa, na watsa wa kaji. Abinci ya koma cikin mai rai. Ina laifi a nan, ina?

Sara ko murya ba ta ɗaga ba, shi ya fi ƙona min rai. Ta yi faɗa mana, in rama. A'a, tsayawa ta yi a bakin ƙofa, ta ce tun da kuka rabu a hanyar gudun hijira, tun da wayarka ta daina shiga, yarinyar ba ta ambatonka sai a kan farantin nan. Wai kullum da safe sai ta jawo shi, ta ba dogon cikin 'yan mutanen shayi, ta gaya masa ɓarnar da akuya ta yi.

"Dogon nan babanta ne, Hajiya."

Wa ya gaya min? Wa ke gaya min komai a gidan nan? Wata bakwai sunanka na bakina, ban san inda zan kai shi ba… yarinyar ta samu inda ta ajiye ka, ni kuma —

Dogon. Na tuna shi. Ya fi sauran tauri, sai da na sa taɓarya.

Ga Jannatu can a tsugune, farantin a gabanta, tas, ni na wanke shi. Ba ta kuka. Da ma ta yi kukan. Ta ɗago kai ta dube ni, kakarta.

"Habboba, Baba ya sake tafiya?"

Fulawar da ta rage ta abincin gobe ce. Hannuna na kan murfin kwanon, ban san yaushe ya je ba. Gishiri yaya, mai yaya… ban iya ba, Mujtaba. Ta kai zan fara maka, ko ta ƙafa?