Furannin Fulbert

Sanyi ya riga ya kashe lambun marigayi mai zanen da ƙauyen ke tinƙaho da shi, an rufe ƙofarsa sai bazara, amma Fulbert bai daina kawo furanni ba. Abin da ya tsaya wa Ghislaine a rai ke nan.

Shagonta yana kan hanyar coci, tana sayar wa baƙi tsaraba: farantai da gyale da kofuna, duk da zanen furannin da suka ɗaukaka sunan marigayin. Amma abin da aka fi rububi, musamman don kyautar amare, shi ne aikin Fulbert, wani tsoho maƙwabcinta. Furanni na gaske yake dannewa su bushe, ya jera su cikin gilashi, ita kuma ta manna takarda cewa na ƙauyen mai zane ne.

Ranar da ya kawo sababbi ta ɗaga ɗaya a hasken taga. An tsinke furen ne sili-sili, aka sake jera shi ya koma kamar wani fure daban. Me zai sa mutum ya wahalar da kansa haka?

"Tsoho, ina kake samun fure a wannan sanyi?"

"Ke da kaza ke ba ki ƙwai, tambayarta kike yi?"

Ta yi dariya, amma washegari da safe ta nufi maƙabarta. Ba a daɗe da yin ranar ziyarar matattu ba, kowane kabari da tukunyar kirisantem a kansa, furen da ba a kai wa mai rai. Ta bi layi tana duba bayan tukwanen. Nan an yanke fure biyu, can uku, da almakashi mai kaifi, ta gefen da ido ba ya kaiwa. Tukunyar kabarin mijinta Armel ce kaɗai ba a taɓa ba.

Ta same shi a rumfarsa yana cin burodi da cuku.

"Furen matattu nake sayar wa amare, Fulbert?"

Bai daina tauna ba. "Mako biyu ya rage a kwashe su a kai bola. Takardarki ma ba ta yi ƙarya ba, na ƙauyen ne."

"Na Armel fa? Me ya sa ka tsallake?"

"Abokina ne."

"Ko dai don kada in gane."

Ya dube ta. "Bara ma na kawo miki a irin wannan wata, madam mai ido. Ba ki tambaya ba."

Gaskiya ne, bara ta gani, ta yi mamaki, ta mayar da kai kan ciniki. Shin a lokacin ba ta sani ba ne, ko ba ta so ta sani ba?

Da ta koma shago ta sauke gilasan furannin duka ta zuba a kwali. Madam Hébert mai gidan burodi ta leƙo, tana son ɗaya don jikarta da ta haihu.

"Babu na sayarwa," in ji Ghislaine.

"Ga su nan kuwa, ina gani."

Ghislaine ta jawo mata kujera. "Zauna, Colette. Yaushe rabonki da duba bayan tukunyar kabarin mijinki?"