Turken Farfesa

Dogo ya sake danna madannin, kamar na'urar za ta ji kunyarsa ta canja magana. Ba ta canja ba. Layukan suka fito a fuskar kwamfuta yadda suka fito jiya da shekaranjiya. Ya ja kujera ya zauna, ko safar roba bai cire ba.

Aikinsa a wannan ɗakin bincike ɓeraye ne, farare ƙanana, tun suna ciki har su buɗe ido. Wata ƙwayar gado yake bi a ƙwaƙwalwarsu, yana auna yadda aikinta ke ƙaruwa in ɗan ɓera na girma. To amma ba a auna abu da iska. Sai an samo wata ƙwayar da ba ta hawa ba ta sauka, a jingina awon da ita, kamar yadda ake tsayar da yaro jikin turke a ga ko ya ƙara tsawo. Turke ma suke ce mata a ɗakin. Farfesa, shugaban ɗakin, shi ya zaɓe ta tun gashinsa na baƙi, a jikin manyan ɓeraye, kuma duk wanda ya yi digiri a hannunsa da ita ya yi awo. Ba wanda ya taɓa tambaya. Wa zai shiga gidan mutum ya ce bari ya girgiza ginshiƙi ya gani?

Sai ga wani mai tantance aiki a mujallar da suka aika wa bincikensu, mutumin da bai san Farfesa ba balle ya ji nauyinsa, ya rubuto cewa a nuna masa turken nan tsaye yake a jikin jariran ɓeraye. Dogo ya ɗauko wasu ƙwayoyi bakwai ya jera su da ta Farfesa. Abin da ya fito ke nan a gabansa: turken nutsewa yake yi. Daga haihuwa sai ya yi ta gangarawa. Yaro bai ƙara tsawo ba, turke ne ke shigewa ƙasa. Da ya auna da biyun da suka fi tsayuwa, ƙwayarsa ta kwanta shimfiɗe kamar tabarma. Shekaru yana bin hawan da babu shi, ga shi a kansa zai kare digirinsa na uku wata mai zuwa.

"Kai kuma lafiya, ka yi zugum kamar an aiko maka da rasuwa?"

Dakta ce, abokiyar teburinsa, wadda ta riga shi gamawa a hannun Farfesa. Bakinta ba shi da linzami. Ya juya mata kwamfutar. Ta sunkuya ta duba, ta ɗaga gira.

"Ashe turken Baba gara ta ci."

"Rage murya."

"Sai ka tashi ka gaya masa. In ya kore ka daga nan, ka koma gida ka tarar da shi. In ya kore ka daga gida, ka dawo nan ka tarar da shi." Ta yi dariya. "Ai ɓerayen nan ma sun fi ka filin juyawa."

Gaskiya ta faɗa. 'Yar Farfesa yake aure. A sashen bayan gidansa suke zaune, shi da ita da 'yarsu, kuma shi ke tuƙo tsohon da safe ya mayar da shi da yamma.

"Gaskiya dai ɗaya ce, Dogo," in ji ta. "Ni ce da tuni na ƙwanƙwasa ƙofa."

Ya ƙwanƙwasa. Ofishin Farfesa ƙarami ne, kundayen ɗalibai sun cinye bango har rufi, tagar kuma ta daɗe da ƙin buɗuwa. Dogo ya ajiye takardar da hannu biyu, ya tsaya.

"Zauna mana, ɗana."

Bai zauna ba. Farfesa ya sa tabarau. Mutum ne mai kaifin ido, ba ya bukatar a tauna masa. Dogo ya ga lokacin da tsohon ya gane, don yatsansa ya tsaya cak a kan layin, ya daɗe bai motsa ba. Can sai yatsan ya gangara zuwa ƙasan jerin.

"Wannan ta ƙarshe fa? In ka auna da ita, me ke fitowa?"

"Hawan yana nan, Baba. Amma ita ma gangarawa take. Tare suke nutsewa da turken."

"Mutumin mujallar nan shaida ta biyu ya nema. Ga ta."

"Baba, sauran shidan..."

"Ya ce ka kawo masa bakwai?" Farfesa ya cire tabarau ya murza ido. Muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi damun Dogo ke nan. "Akwai lambar da na ce ka goge? Akwai wadda na ce ka ƙara?"

"Babu."

"To. Ban sa ka ƙarya ba. Zaɓe na ce ka yi, kuma kowa zaɓe yake yi." Ya nuna bango da haɓa. "Ka ga waɗannan? Kowane kundi mutum ne, da aikinsa da iyalinsa. Ka tumɓuke turken nan, ba kai kaɗai za ka faɗi ba. Ni na kusa ajiye aiki, abin da zan rasa kaɗan ne. Kai fa? Ka koma farko, da gemunka? Me zan ce wa 'yata?" Ya miƙo masa takardar. "Ka tura amsa yau. In ka sami digirinka, ka binciki abin da ka ga dama."

Dogo ya fito, bai koma tebur ba, ya shige ɗakin ɓeraye. Warin dusa da fitsari ya tare shi. Akwatunan roba jere a kan kanta, kowanne da kwalbar ruwansa. A ɗaya wata uwa ta kwanta, jajayen 'ya'yanta na ta rububin nono, ido a rufe. Ya tsaya yana kallonsu har ƙafarsa ta gaji. Da Farfesa zagi ya yi, da ya san abin yi. Amma wanda ya ce maka ɗana, ta ina za ka kama shi da kokawa?

Da ya dawo, ya tarar da Dakta a kujerarsa, tana kallon layukan. Dariyar ta tafi.

"Ya ce in ɗauki ta ƙarshen," in ji shi. "Ina ganin ba zan iya ba. In kin tsaya min, mu koma wurinsa tare. Samfurin ƙodar ɓerayenki na nan a firiza, mu gwada shi, in ya ga abin ba a ƙwaƙwalwa kaɗai..."

"Ƙodata?"

"Ai ke ma a jarirai kika yi, kuma da turken nan kika auna."

Ta miƙe, ta gyara farar rigarta a hankali.

"Ƙoda daban, ƙwaƙwalwa daban," ta ce, ba ta dube shi ba. "Kuma samfurin nan ya tsufa. Kada ka taɓa min shi, Dogo. Don Allah."

Ta ɗauki jakarta ta ce za ta ɗauko yara daga makaranta.

Ɗakin ya rage daga shi sai ƙugin firiza. Ya buɗe wasiƙar amsa. Ya rubuta cewa sun gwada ƙwaya ta biyu, kuma sakamakon ya yi daidai da na farko. Ya karanta, ya sake karantawa, yana neman kalma ɗaya ta ƙarya da za ta hana shi. Bai samu ba. Ya tura.

Da yamma ya kawo mota bakin ƙofa, ya buɗe wa Farfesa. Suka shiga cunkoso, gaba mota, baya mota, gilashi a rufe.

"Ka tura?"

"Na tura, Baba."

"Madalla." Farfesa ya gyara zama, ya lumshe ido. Sai da suka ɗan matsa ya sake magana. "Sababbin ɗalibai za su fara mako mai zuwa. Na ga yanzu duk ɗakin ba wanda ya kai ka sanin wannan harka. Kai za ka koya musu yadda ake zaɓen turke."

Motar gaba ta tsaya. Dogo ya taka birki.

"To, Baba," ya ce.