Saiwar Lemun Alhaji Tsoho

Da Alasan ya tashi gyara gidan ubansa da ke tsohuwar unguwa a Diffa, sharaɗi ɗaya mahaifiyarsa ta kafa masa. Hajiya Lauratu ta ce ya rushe abin da zai rushe, ya ɗaga abin da zai ɗaga, amma kada a taɓa lemun tsamin da ke bayan gida. Marigayi Alhaji Tsoho ne ya zo da dashensa daga Damagaram a cikin gwangwanin tumatir, shekarar da ya buɗe shago a kasuwar Diffa. Tun da ya rasu, Hajiya ba ta shan kunu sai an matsa mata lemun wannan icen.

"Haba Inna," in ji Alasan, "gini zan yi, me ya haɗa ni da ice?"

Ya kwashe ta ya kai ta gidansa na sabuwar unguwa kafin a gama aiki.

Gidan kuwa yana bukatar gyara, wannan ba abin musu ba ne. Na ƙasa ne, ya haura shekara arba'in, gara ta gama da ƙyamare, azara ta fara lanƙwasa. Wurin wanka shi ne abin da ya fi ba Alasan kunya: wata kusurwa ce a jikin katangar baya, an jera fasassun bulo a ƙasa, a yi wanka ruwa ya nutse a nan inda ya zuba. Ya rantse sai uwarsa ta yi wanka a kan karo, wato tayil mai sheƙi, kamar sauran hajiyoyi. Nufinsa alheri ne, sai dai Alasan mutum ne mai gaggawa, wanda in ya sa abu a gaba ba ya jin kira.

Ranar da Baƙo magini ke haƙa ramin zubar ruwa a wannan kusurwa, ya aika a kira mai gida. Alasan ya zo ya leƙa. A cikin ramin ga saiwoyi uku, kowace ta kai kaurin dantse, sun kurɗo ta ƙarƙashin katanga sun baje cikin laima.

"Maigida, wannan fa na lemun baya ne," in ji Baƙo. "Nan yake shan ruwansa, shekara da shekaru. In muka sare, muka kuma zuba siminti, ban san abin da zai sha ba. Ko mu matsar da ramin?"

Matsar da rami yana nufin ƙarin kwana biyar da sake jan tiyo. Alasan ya dubi agogo, motar kayansa tana hanya daga Zinder.

"Ice saiwa uku gare shi kaɗai? Sare, mu wuce."

Baƙo ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko adda.

A can bayan katangar, akwai wanda bai san abin da ake ciki ba. Baba Umara manomin tattasai ne daga wani ƙauye a tsallaken Komadugu, ta ɓangaren Najeriya. Shekarar gudun hijira, da rikici ya tashi ƙauyensu, ya ƙetaro kogin da ƙafa, ba shi da komai sai ƴarsa Hanifa da ƙullin irin tattasai a cikin hularsa. Alhaji Tsoho ya tsince su a ƙofar masallaci, ya ba su ɗakin bayan gida mai ƙofa ta lungu. Hanifa ta yi aure ta koma Assaga, Umara ya zauna, ya mai da ɗan filin da ke gaban ɗakin lambu: yakuwa, kuɓewa, zogale, da kunya huɗu na tattasansa a gefen lemun. Shekara tara yana gidan, bai taɓa sa ƙafa a tsakar gida ba, don nan wurin mata ne. Ƙarar adda dai ya ji, kamar yadda yake jin ƙarar guduma kullum.

Bayan wata biyu Hajiya ta dawo. Ta dubi fenti, ta dubi karo, ta ce, "Allah ya yi albarka," ba ta ko zauna ba ta zarce wurin lemun. Alasan na biye da ita yana ba ta labarin famfon da ya sa, har ya ga ta tsaya cak.

Ganyen lemun ya yi rawaya tun daga sama. Ƴaƴan sun zubo ƙasa, ƙanana, a motse. A ƙarƙashinsa kuwa tattasan Umara kore shar, ya cika da farin fure.

"Innalillahi! Alasan, me ya sami icen ubanka?"

Alasan ya sani. Nan take ya ga saiwoyin nan uku a idonsa. Amma ya dubi fuskar uwarsa, ya tuna sharaɗinta. Da ya yi shiru ma da sauƙi. Sai ya buɗe baki.

"Wataƙila tattasan nan ne ke shanye masa ruwa."

Wataƙila ya ce, kuma daga baya ya sha riƙe wannan kalma yana kare kansa da ita. Amma Hajiya ba ta ji wani wataƙila ba. Ta juya kan Umara, wanda ya durƙusa gaishe ta da butar ban ruwa a hannu.

"Malam Umara, sakayyar ke nan? Mutum ya ɗauke ka daga ƙofar masallaci, ya ba ka ɗaki, ya ba ka fili, yau ƙasa ta rufe masa ido sai ka bar icensa ya mutu don naka ya yi kyau? Da ba don shi ba, ina kake yanzu?"

Hajiya Lauratu ba mai gori ba ce. Ko ƙaramar kalma irin wannan ba a taɓa ji daga bakinta ba, baƙin ciki ne ya fizgo ta. Umara ya sunkuyar da kai, ya ce da Hausarsa mai nauyin Barebari, "Hajiya, a yi haƙuri. Ban sani ba. Zan gyara."

Kafin la'asar ya tuge tattasan duka, kunya huɗu, da furensu. Alasan ya same shi yana tara su a gindin katanga.

"Baba, ai ba a ce ka cire ba."

"In su ne, gara su tafi," in ji Umara. "Irin ke nan dai ya ƙare. Na bara laima ta ɓata, abin da ya rage duka na shuka. Ba komai, ɗana."

Alasan ya koma shago ya kasa cin abinci. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ya ce a ransa in lemun ya farfaɗo, magana ta mutu, babu wanda ya cutu sai tattasai. Don haka ya shiga hidimar ice kamar mai jinyar ɗan fari. Ya sa aka kawo buhun takin awaki daga Gagamari. Ya ɗauki mai amalanke yana kawo bido, wato jarka, shida na ruwa kowace safiya. Hajiya ta riƙa sa masa albarka, tana cewa da maƙwabta Allah ya ba ta ɗa mai kishin ubansa, kuma kowace albarka sai ta sauka masa kamar mari.

Ya sha ɗaura niyyar faɗa. Ya ce bari a wuce Juma'a. Juma'a ta wuce, ya ce bari ciwon ƙafarta ya lafa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ranar da Baƙo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Maigida, yaya lemun namu?" Alasan ya ce ana jiransa a shago, ya tafi da takalminsa a hannu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Umara. Tsohon bai canza masa fuska ba ko sau ɗaya. Yana gaishe shi kamar da, yana yi wa icen kaftu, yana zuba ruwa a hankali da yamma. Hajiya kuwa ta daina kai masa tuwo da kanta, sai dai a miƙa masa ta lungu. In ya yi mata sallama daga bayan katanga, ta amsa a taƙaice.

Ice bai san albarka ba, bai san taki ba in babu saiwa. Cikin mako shida ya bushe ƙayau, har ɓawonsa ya fara tsagewa.

Wata safiya Umara ya tsaya a zaure da ƙullin kayansa da tabarma, ya nemi a yi masa iso. Hajiya ta tsaya daga bayan labule. Ya ce zai koma Assaga wurin Hanifa, jiki ya yi nauyi, ya gode da zaman shekara tara, kuma yana roƙon gafara a kan amanar Alhaji.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Hajiya, ba ta ɗaga labulen ba.

Alasan na tsaye a wurin. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Baba, kawo kayan, ni zan kai ka."

Suka fita gari suka hau kwalta. Rana ta fara zafi. Suka wuce shingen sojoji, suka fara ganin bukkokin zana da tamfol a bakin hanya, can dama kuma duhun itatuwan da ke bin kogi. Umara na kallon wannan ɓangaren. Alasan ya ga in suka isa, ya sauke tsohon nan, to ƙaryar ta zauna ke nan har abada. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Baba Umara, ba tattasanka ba ne. Ni ne. Ni na sa aka sare saiwar lemun ta cikin gida, Baƙo ya gargaɗe ni ban ji ba. Ranar da Inna ta tambaya na sani, na ɗora maka."

Ya jira faɗa, ko kuka, ko Allah ya isa. Umara ya gyara hularsa.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Da na cire tattasai bai farfaɗo ba, sai na tona gindinsa ta wajen katanga. Na ga saiwa uku, bakin adda a jikinsu, siminti a gabansu. Ni manomi ne, ɗana. Na mai da ƙasa na rufe."

"To me ya hana ka faɗa? Ka bari ana yi maka kallon maci amana?"

Umara ya dube shi, ba da fushi ba, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

"Uwarka ce. In ta yi fushi da ni, ga Assaga, ina da wurin zuwa. In ta yi fushi da kai, ina za ka?"

Alasan ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka, shi da ya haura arba'in. Ya ce su juya yanzu, su je gaban Hajiya tare. Umara ya ce a'a. Ya ce ya yafe tun ranar da ya rufe ramin, amma Hanifa na jiransa, kuma wanda aka taɓa tambaya ina yake da ba don wane ba, barcinsa ba ya ƙara daɗi a wannan ɗakin. Ya roƙe shi ya bar maganar a nan bakin hanya, kada ya tayar wa tsohuwa da hankali a banza. Alasan ya kai shi har ƙofar bukkar ƴarsa, ya sauke masa tabarma.

A hanyar dawowa shawarar Umara ta yi ta yi masa daɗi a kunne. Wanda aka zalunta ya yafe, ya ma ce a rufe, to saura me? Har ya shiga gari yana kan wannan. Amma da ya isa gida ya tarar da Hajiya zaune a tsakar gida a kan sabon siminti tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Ka kai shi? Allah ya raka taki gona," sai ya ji ba zai iya ba. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, tun daga ramin Baƙo har abin da Umara ya ce a mota, bai rage ko wataƙilan ba.

Hajiya ta ajiye faifan.

"Ya tona ya gani, ya rufe?"

"Ya rufe, Inna."

"Yana sane ya zo yau ya roƙe ni gafara, ni kuma ina bayan labule?"

Alasan ya gyaɗa kai.

"Ice ne, Alasan. Da ka faɗa mini ranar, da na yi kuka na zage ka, da yanzu ya wuce. Amma ka tsaya kana kallo na yi wa baƙon ubanka gori. Shekarata sittin da bakwai ban taɓa yi ba. Da wane ido zan dubi Alhaji gobe kiyama?"

"Inna, ki yafe mini."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, ta ƙi hannun da ya miƙo mata. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta.

"Tashi ka tada mota, ka kai ni Assaga. Taka gafarar ta jira, sai na samo tawa."