Ranar da Mai Burodi Ya Ƙi Zama

Kowa da irin jarrabawar da Allah Ya ɗora masa, ta Mai Burodi kuwa kujera ce. Mutumin nan shekara talatin da huɗu yana tsaye gaban tanda, tun kafin zakara ya yi cara har rana ta take, ko hamma ba ya yi. Amma da zarar mazaunansa sun taɓa abin zama, to shi ke nan, sai dai a bi shi da addu'a. Ya taɓa yin barci a kujerar mai aski da rabin kai a aske. Ya yi a asibiti, likita na tsakiyar yi masa bayanin ciwonsa. Kuma ba barcin mutunci ba, a'a, mai minshari, irin wanda na nesa ma sai ya waiwayo.

Duk wannan bai taɓa damunsa ba sai a kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Tana aji huɗu aka saka ta a wasan makaranta, ya je ya zauna a gaba, ya yi barci. Ranar da ta gama karatu aka kira sunanta, zauren ya yi tsit, ba abin da aka ji sai minsharin ubanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Daina gayyatarsa kawai ta yi, shekara shida cur. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Sai ga ta wata safiya a gidan burodin, tana ɗage bakin zanenta kada fulawa ta ɓata shi. Ta ce ta rubuta wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, na iyali, za a fara nuna shi ranar Asabar da yamma a babban zaure. Ta ajiye tikiti biyu a kan teburin kwaɓi, nasa da na Umma, mahaifiyarta.

"Baba, in ka san barci za ka yi, ka ba Gwaggo naka. Ba zan ji haushi ba."

Wannan "ba zan ji haushi ba" ita ce ta tsaya masa a rai har kwana huɗu. Ya san 'yarsa. In ya sake yi mata wannan karon, to ba za a ƙara ajiye masa tikiti ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya ɗaura ɗamara kamar mai shirin tafiya yaƙi. Ya ce ranar Asabar ba zai fita aiki ba, zai yi barci ya ƙoshi. Ina! Lokacinsa na yi ido ya buɗe da kansa, ya yi juyi ya yi juyi, ƙarshe dai ya saɓa riga ya tafi wajen tandarsa yana tsaki. Da rana ya sha baƙin shayi kofi uku, mai ɗacin da ko mara lafiya ba zai yarda da shi ba. Ya zaro takalmin da ya yi masa kaɗan tun shekara biyar da suka wuce, ya cusa ƙafa. Sannan ya ba Umma allura, ya ce da ta ga kansa ya soma sunkuyawa ta soka masa a cinya, kada ta ji tausayi. Umma ta karɓa da saurin da ya ɗan ba shi mamaki, ta ce ai ta daɗe tana jiran wannan aikin.

Suna shiga zauren aka kai su layin gaba. Da ya ga kujerar sai gabansa ya faɗi. Ja ce, mai laushi, mai wurin ɗora hannu, ga sanyin na'ura yana busowa ta sama. Wanda ya ƙera ta, ko wane ne, ba masoyinsa ba ne. Ya zauna a bakin-bakinta kamar wanda ya je gaishe da surukai. Aka kashe fitilu, aka buɗe labule, kiɗa ya tashi. Ba a yi minti biyar ba allura ta shiga cinyarsa. Ya zabura ya ce ai idonsa biyu. Ba a jima ba ta sake shiga.

Sai da ya mutstsike ido ya gane abin da ke kan dandamali. Gida ne, ga uwa, ga 'ya'ya uku suna waƙa suna shirin makaranta. Sai ga uban ya shigo da farar hula, fulawa har gira. Ya gaisa da iyalinsa, ya ja kujera ya zauna, kansa ya langwaɓe, mai busa ƙaho ya saki wani dogon sauti daidai da minshari. Zauren nan kamar zai tsage don dariya. Yara suna buga ƙafa, manya suna riƙe ciki. Wadda ta fi kowa kuwa Umma ce. Tana dukan kafaɗarsa tana cewa wallahi shi ne, har yadda yake sakin leɓe, tana share hawaye da bakin mayafi. A cikin wannan dariyar allura ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin kujera, ko ta kanta ba ta bi ba.

Mai Burodi ya ji kunya, ya ji zafi. Ashe gayyatarsa aka yi ya zo ya ga ana yi masa dariya. Amma abin takaicin, duk da zafin nan barcin bai fasa zuwa ba. Ya ji shi yana hawowa daga gwiwa, ya ji kunnuwansa suna toshewa. Takalmi ya matse, shayi ya yi iya yinsa, duk a banza. Nan ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun a gida: shi fa bai taɓa yin barci a tsaye ba. Ya miƙe, ya bi ta gaban mutane yana taka ƙafafu, ana yi masa tsaki ana cewa ya duƙa, har ya kai can baya kusa da ƙofa, ya tsaya ƙyam.

Mai tsaron ƙofa, wani dattijo mai tocila, ya matso ya ce ba a tsayuwa a nan, doka ce. Mai Burodi ya yi masa rantsuwa cewa lalura ce. Dattijon ya ɗauka ciwon baya ne, tausayi ya kama shi, ya jawo masa tasa kujerar ta katako. Mai Burodi ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya kaɗa kai, ya ƙyale shi.

A can bayan nan ne ya gane ashe kallo biyu ake yi, na dandamali da na 'yan kallo. A layin ƙarshe akwai wani mai ƙaton tumbi da ya zo da matarsa da 'ya'ya biyar, kuma ya ɗauki kansa alƙalin wasan. Duk abin da aka yi sai ya yanke hukunci da ƙarfi. Da uban wasan ya yi barci a taron makarantar 'yarsa, mai tumbi ya ce wannan ba uba ba ne, buhun fulawa ne, in da shi ne 'yar da tuni ya canza uba. Matarsa ta ce ya yi a hankali, ai ba a gama ba da labarin uban ba. Gefensu wata tsohuwa ce da jikokinta suka jawo, ita damuwarta daban. Ta kasa gane dalilin da mutum zai nemi ruwan sha sai ya yi waƙa. Kowace waƙa aka ɗauko sai ta ce to, an koma, su mutanen gidan nan ba su iya magana ba ne? Wata ƙaramar yarinya kuma tun farko tambayarta ɗaya, ko burodin na gaske ne, in na gaske ne wa zai cinye.

Mai Burodi ya haɗiye buhun fulawa, ya haɗiye canza uba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kwaɓin. Yaron da ke wasan uban da kan yatsu yake taɓa ƙullun, yana tsoronsa kamar zai cije shi. Wa ya taɓa murza kwaɓi da kan yatsu? Da gindin tafi ake dannawa, a tura, a naɗo, a juya. Bai san maganar ta fito fili ba sai da mai tumbi ya waiwayo ya ce, "Malam, kai ka rubuta ne? Ka bar mu mu ji." Mai Burodi ya kawar da kai, amma hannuwansa suna ta murza iska.

Bayan hutun rabin lokaci ƙafafunsa suka soma kuka a cikin takalmin nan. Ya cire shi a hankali ya riƙe a hannu, ya ci gaba da tsayuwa da safa.

Sai wasan ya juya. 'Yar ta yi fushi da ubanta, ta haɗa jakarta ta tashi da asuba za ta bar gida. Ta biyo ta gaban gidan burodi, ta ga haske, ta leƙa ta taga. Ga uban shi kaɗai yana aiki, gari duk yana kwance. Ya gama jera manyan burodi, sai ya tattara ragowar kwaɓin ya mulmula wani ɗan ƙarami, ya yi masa kunnuwa biyu, ya gasa, ya ajiye a bakin taga. Mai Burodi ya gane shi nan take. Shekara goma sha biyu yana yi wa Auta wannan ɗan burodin mai kunnuwa, Umma ce take ɗaukowa ta saka mata a jakar makaranta. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Yarinyar wasan ta ajiye jakarta ta soma waƙa, a hankali, ba ganga ba ƙaho:

Kowa ya ga barcinka,
ba wanda ya ga tashinka.

Zauren ya yi tsit. Tsohuwa ba ta ce an koma ba. Can sai aka ji wani abu kamar an buɗe famfo, ashe mai tumbi ne yake face hanci. Ya ce shi da ma tun farko ya san mutumin kirki ne, matarsa ta harare shi, bai ko gani ba. Da uban wasan ya dawo gida ya zauna, mai ƙaho ya sake sakin minsharin nan, wasu yara suka fara dariya, sai wata mata daga tsakiya ta daka musu tsawa ta ce su bar bawan Allah ya huta. Mai Burodi dai yana tsaye da takalmi a hannu, hawaye na bin gemunsa, mai tocila yana yi kamar bai gani ba.

Aka gama, zaure ya miƙe gaba ɗaya ana tafi. Aka kira marubuciya, Auta ta fito. Daga inda yake ya ga idonta ya tafi kai tsaye layin gaba, ya ga ta tarar da kujera babu kowa, ya ga murmushin ya tsaya mata a fuska kamar na hoto. Ya ɗaga takalmi yana kaɗawa, amma shi gajere ne, kowa kuma a tsaye yake.

Sai da mutane suka ragu ya samu ya kutsa bayan labule, mai tocila na biye da shi. Ya tarar da Umma tana ba 'yan wasa labarin allura. Auta ta gaishe shi da ladabi, irin ladabin da ya fi mari ciwo.

"Na gode da ka zo, Baba. Na leƙo na ga lokacin da ka fita. Ba komai."

Ya buɗe baki, maganar da ya shirya duk ta gudu. Abin da ya fito shi ne, yaron nan bai iya kwaɓi ba, a turo shi gidan burodi kwana uku. Sannan tandar da suka zana ƙofarta a hagu take, alhali tasa a dama take. Waƙar wankin kwanuka ta yi tsawo, tsohuwar baya ma ta faɗa. Ɗan burodin kuma kunnuwansa sun yi girma, shi bai taɓa yin su haka ba, in sun yi tsawo ƙonewa suke yi. Auta ta tsaya tana kallonsa, ta kalli safarsa, ta kalli takalmin da ke hannunsa. Mai tocila ya ce shi dai shekararsa tara a ƙofar nan, bai taɓa ganin wanda ya sayi kujerar gaba ya yi awa biyu da rabi a tsaye ba, ya ba shi wurin zama ma ya ƙi.

"Ashe kin san ni nake yi miki ɗan burodin nan," in ji Mai Burodi.

"Tun ina aji biyu, Baba."

Ta je ta jawo kujerar uban wasan, wadda aka yi ta barci a kanta duk yammacin nan, ta ajiye a bayansa. Ya dube ta a tsorace ya ce a'a, shi lafiya lau yake, zai iya tsayawa.

"Zauna, Baba. An gama."

Ya zauna. Ya soma cewa game da kunnuwan nan, in ana so su tsaya, sai a... Bai kai ƙarshe ba. 'Yan wasa suka shigo da hayaniya suna murna, mai ƙaho na gaba, Auta ta ɗora yatsa a baki, duk suka yi shiru suka bi ta gefe a kan yatsun ƙafa. Ta zare takalmin daga hannunsa ta ajiye a ƙasa, ta ce wa mai tocila kada a kashe na'urar sanyi tukuna.