Tambayar Kaka Stefania

Hannuna na cikin kwaɓin fulawa Orest ya buga ƙofata.

"Darka, zo don Allah. Mama na magana, ba na ganewa."

Ƙato mai furfura, injiniya guda, ya tsallako titi cikin dusar ƙanƙara da silifas. Na bi shi.

Kaka Stefania maƙwabciyarmu ce a Winnipeg tun kafin a haife ni. Daga Ukraine ta zo bayan yaƙin duniya na biyu, kamar iyayena, ta shekara talatin a kan keken ɗinki, ta reni 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa fashin coci ba. Ranar da ɗanta Orest ya dawo daga makaranta yana kuka don yara sun kwaikwayi maganarsa, ta kafa doka: Turanci kawai a gidanta. Yarenmu ta bar wa addu'a. A ganinta gata ta yi musu. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta share mata Turancin kaf a hunturun 1996.

Na same ta kwance ƙarƙashin hotunan tsarkaka da aka yafa wa ƙyalle mai ado. Ta damƙe hannun rigar ɗanta tana zuba magana da sauri, irin ta ƙauyensu. Ni kuwa me na iya? Yaren kicin da na coci: gishiri, albasa, Ubangiji ka ji ƙanmu. Da shi nake burga a unguwa.

"Kaka, a hankali," na ce. Ko kallona ba ta yi ba.

"Fada Lubomyr na cocinmu fa?" na tambayi Orest.

"Yana jana'iza a wani gari, sai ƙarfe biyar. Matan coci ma na buga musu waya, duk suna can." Ya kama kafaɗata. "Fushi take da ni? Shekara uku rabona da gidan nan."

"Na ji sunanka. Na ji rijiya. Na ji yafiya."

"Wa zai yafe wa wa?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Har yau ina jin haushin kaina.

Can ta yi shiru, ta zuba masa ido. Tambaya ta yi, amsa take jira. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Eh, Mama," ya ce, da kalma ɗayar da ya sani a yarenmu.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta saki rigar. Kafin ƙarfe huɗu ta cika.

Orest ya zauna a kicin yana maimaita abin da kunnensa ya kama, yana rubutawa da haruffan Turanci a bayan ambulan. Da Fada ya iso, kafin ya cire takalmi Orest ya miƙa masa. Fada ya karanta a fili, sau biyu, ya girgiza kai, shi ma bai gane ba.

Orest ya karɓi ambulan ɗin, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirjinsa.