Gadon Inna Hure

Shekarar da riɗi ya yi kyau a Nasarawar Burkullu, Lauwali ya ƙudurta a ransa zai canja wa mahaifiyarsa gado. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Rahina, ita ma sai da ya riga ya gama shawararsa.

Gadon Inna Hure na ƙarfe ne mai rumfa, irin na da. Da shi aka kawo ta gidan tana amarya, shekara arba'in da ɗoriya. Yana da tsayi, jikoki sai sun taka wani abu suke hawa, in kuwa aka juya a kansa ana jin ƙararsa har tsakar gida. Duk abin da Inna ta mallaka a ƙarƙashinsa yake: kwallaye, tasoshi, akwatin ƙarfe, tukunyar da take ajiyar daddawa. In Lauwali ya tsuguna gaisuwa da safe a bakin ƙofa, ta gefen labule yakan hango ƙafar gadon da tsatsa ta ci, an tokare ta da guntun bulo, sai ya ji nauyi ya kama shi. Mutum da injin niƙa biyu da babur, a ce uwarsa nan take kwana.

Tambayarta kuwa ba ta taso ba. Shi ne ɗan fari. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana da saƙo, Rahina take ba wa, "Ce ma mai gidanki," ko da yana tsaye a wurin. Shi ma tun da ya girma bai ƙara tsallake dokin ƙofarta ba. Haka suka saba, ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

"Da dai ka ji ta bakinta," in ji Rahina.

"In na tambaya cewa za ta yi a bari. Mi na taɓa kawo mata ba ta ce a bari ba?"

Rahina ta ci gaba da tankaɗe.

Aka yi sa'a ƙanwarsa ta haihu a Bukkuyum, Inna ta tafi za ta yi mako guda. Ranar kasuwar Gummi Lauwali ya bi motar farko, ya sauka rumfar Lirwanu kafinta, wanda suka yi makarantar allo tare.

"A'a, mai injin," in ji Lirwanu yana kakkaɓe garin katako daga gemunsa. "Amarya za a yi ba a hwaɗa muna ba?"

"Wace amarya, ni da ko furfurata ban iya ɓoyewa. Na Inna ne."

"Na Inna? To taho ka ga wanga." Ya kai shi gaban wani gado na katako zalla, dogo, mai sanduna a kai da ƙafa.

Lauwali ya zagaya shi sau ɗaya ya yamutse fuska. "Wanga ai sai ka ce na asibiti."

Idonsa yana can kan wani da aka jingina a gaba inda masu wucewa za su gani. Gajere ne, dab da ƙasa, an rufe shi ko'ina ba ko inda kyanwa za ta shige. Allon kansa faffaɗa, an cusa soso an lulluɓe da yadi ja mai santsi, ga ɗan madubi a kowane gefe. Ya danna allon da yatsa, ya lotsa, ya dawo.

"Tsohuwa ce hwa," in ji Lirwanu. "Yaya gwiwarta?"

"Gwiwar ce ma ta sa. Wancan nata hawa ake yi. Wanga zama kawai za ta yi, ta ji ta kan katifa."

Lirwanu ya sosa ƙeya, ya dubi gadon, ya dubi mai saye. "Kai ka san uwarka," ya ce.

Kafin Inna ta dawo an gama komai. Lauwali da kansa ya kwance tsohon gadon, kusoshinsa sun ƙi sai da aka ɗiga musu baƙin mai. Wasu 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe da ke hanyar Anka suka ɗauke shi. Kwallaye da akwati, da babu inda za a tura su yanzu, aka kai su ɗakin ajiya kusa da rumbu.

Ranar da Inna ta dawo yana tsaye tsakar gida, yana yi kamar gyaran babur yake. Ta ɗaga labule ta shiga. Can sai ya ji muryarta, a hankali kamar kullum.

"Rahina, ce ma mai gidanki an gode. Allah shi yi albarka."

Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo har kwana uku. A masallaci ma sai da wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce haka ake son ɗa. Lauwali ya ji daɗin maganar nan, ya daɗe yana juya ta a ransa.

An yi wata guda da kwanaki. Wata rana da la'asar bel ɗin injin ya tsinke, ya dawo gida ɗaukar wani. Rahina ta shiga maƙwabta, gidan tsit. Zai wuce ɗakin Inna sai ya ji nishi. Iska ta ɗan ture labulen.

Tana zaune a bakin gadon, gwiwoyinta sun kusa kai ƙirjinta. Ta yi gaba ta yi baya, ta yi gaba ta yi baya, ta yunƙura, ta koma. Ta miƙa hannun dama sama, ta damƙi iska, sannan ta tuna, ta kai hannun kan jan allon. Yatsunta suka zame a kan yadin. Ta huta. Sai ta zamo ƙasa a kan gwiwa da tafin hannu, ta rarrafa zuwa inda butarta take, ta kama bango.

Lauwali ya ɗaga ƙafa zai shiga, ya mayar. In ta san ya gan ta a haka, ya tabbata gara mata faɗuwar. Ya ja da baya a hankali har zaure, ya zauna a kan dakali, bel ɗin ma bai ɗauka ba.

Nan Rahina ta same shi. Bai yi mata dogon bayani ba, ita ma ba ta yi musu ba.

"Tun ranar farko," ta ce. "Ni ke ɗaga ta kowace salla. In ba ni nan, abin da ka gani. Ruwa ma ta rage sha don kada ta yawaita tashi."

"Kuma kika yi shiru."

"Ta hana ni. Ta ce yaro ya yi abin kirki, mutane sun yaba, ba za ta zubar mai da shi ba." Rahina ta gyara mayafinta. "Wancan gadon, in ta zuro ƙafa ta riga ta yi rabin tsayuwa. Sai ta kama ƙarfen rumfa ta miƙe. Ni na ɗauka ka sani."

Bai sani ba. Shekara arba'in yana gida ɗaya da ita, bai taɓa ganin yadda take tashi ba.

Kashegari ya kama hanyar Anka neman tsohon gadon. Ya bi 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya har aka nuna masa rumfar wani mai walda, Makau, a bayan kasuwa. Makau ya ɗage baƙin gilashinsa ya saurare shi har ƙarshe.

"Mai rumfa, kore, ƙafa guda ta ci tsatsa? Malam, ka makara. Ƙarfen da ne, ba ya kwana hannuna. Ga rabinshi can." Ya nuna wata kurar ruwa sabuwar haɗi. "Sauran yana tagar wani alhaji. Ku mutanen ƙauye, ku zubar da abu mai kyau ku sayi soso, sa'annan ku taho kuna nema."

"Ba abin da ya rage?"

Makau ya tona tarin ƙarafa da ƙafa, ya jawo sanda guda, doguwa, da ɗan ƙwallon tagulla a samanta. Ɗaya daga cikin ƙafafun rumfar ce. Koren fentinta duk ya dushe, amma a wuri guda, kamar faɗin tafin hannu, babu fenti babu tsatsa, ƙarfen yana ƙyalli sumul. Lauwali ya ga wurin nan ranar da yake kwance gadon, ya ɗauka tsufa ne kawai. Ya sa hannunsa a kai. Nasa ya fi wurin faɗi.

"Ɗauki," in ji Makau, da ya ga yadda ya tsaya. "Ba ta isa komi ba dama."

Da Inna ta fita barkar wata maƙwabciya, ya shiga da magini. Suka ɗora sabon gadon kan bulo bibbiyu, suka haƙa rami a gefen dama, suka dasa sandar suka zuba siminti. Ya sa aka zurfafa ramin sosai don kada ta girgiɗa. Aka dawo da kwallaye biyu da suka samu shiga ƙarƙashi, akwatin dai ya ƙi.

Bayan kwana biyu siminti ya kama. Ya tsuguna a bakin ƙofa bayan gaisuwa, ya ce da Rahina ta tambaya ko ya yi.

"Ya yi," in ji Inna daga ciki. "An gode."

Rahina tana tsaye a inda take ganin su duka biyu. Ta dube shi, ta girgiza kai kaɗan. Ya leƙa. Hannun Inna yana kan sandar, amma can sama da wurin mai ƙyalli, a kan tsatsa, inda ba ya riƙuwa. Ya binne ta da yawa. Wannan karon ma shi kaɗai ya yi awonsa.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya cire takalmansa, ya ɗaga labulen, ya shiga. Yau da Inna take ciki, sai ɗakin ya ƙara yi masa ƙanƙanta. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya kai wajen bango.

"Rahina, mi yaka nema?"

"Inna," ya ce, "ni ke tambaya. Nuna mani inda hannunki ke zuwa."

Har ya fara tunanin fita. Can, ba tare da ta juyo ba, ta saki sandar, ta ɗaga hannun dama a hankali, ta tsayar da shi a iska, yatsun a lanƙwashe kamar suna riƙe da wani abu.

Rahina ta miƙo masa gawayi. Ya ja layi a bango daidai wurin.

"Da an bar tsohon gadon ma," in ji Inna, tana magana da bango. "Ƙararshi kawai ta yi yawa."

Lauwali ya fita neman digar da zai tono sandar.