San walimar Hajiya Hure

Barau ne ya saki san, Inuwa direba yana kallo.

A kasuwar Wudil ya saye shi ranar Juma'a, fari mai babban tozo, don walimar yayarsa Hure da ke dawowa daga aikin Hajji. Inuwa ya ce su mayar da shi gida Ajingi tukuna. Barau ya ƙi. Ya ce su wuce filin jirgi da shi, Hure ta ga abin da ƙanenta ya tanadar mata tun kafin ta shiga mota.

Jirgi ya makara. Wurin ajiye motoci ya cika da masu tarbar alhazai, sai suka zaga baya suka tsaya a gefen shingen waya. Rana ta yi zafi. Sa ya fara haki a bayan a-kori-kura, yawu na zuba. Barau da kiwo ya tashi. Bai taɓa barin dabba ɗaure a rana ba alhali ga ciyawa.

"Baba Barau, nan fa ba Ajingi ba ce," in ji Inuwa.

"Sa bai san haka ba. Sauke shi."

Da aka kira la'asar, Barau ya naɗa wa san igiyar a wuya kamar yadda yake yi a gida, ya ta da salla. A cikin shingen ciyawa ta kai gwiwa, don babu dabbar da ta taɓa cinta. Akwai inda wayar ta kwanta. Kafin ya yi sallama sa ya tsallaka.

Da idonsa ya gani. Jirgin ya yo ƙasa, tayoyinsa a waje. Sa na tsaye a tsakiyar kwaltar da jirgi ke sauka. Jirgin ya ɗaga hanci, amma bai daina yin ƙasa ba. Inuwa ya ɗora hannu a ka. Sai can aka ji ƙara mai tsaga kunne, jirgin ya wuce ta kan san ya koma sama. Motar masu gadi ta zo, suka ja san suka tafi.

"Ta da mota, mu koma gaba," in ji Barau. Bai je neman sa ba.

Jirgin ya yi kewaye ya sauka lafiya. Raguna biyu aka yanka a walimar.

Gidan Hure ya cika. Ana shan zamzam a ƙananan kofuna, ana rabon dabino, kowa na neman addu'ar wadda ta dawo daga ɗakin Allah. A zaure, abokan Barau suka sa shi gaba.

"Ina san da ka cika mana kunne da shi? Ko a hanya ya rame ya zama rago?"

"Ciniki bai faɗa ba," ya ce. Inuwa ya sunkuyar da kai.

Barau ya shiga ciki don ya gaida Hure, ya tarar tana ba mata labari.

"Matuƙi ya gan shi, ya ba jirgi wuta. Shiru. Wallahi sai da na kawo kalmar shahada har ƙarshe, na sake farawa, sannan injin ya amsa. Yarinyar da ke raba mana abinci ta ce min, 'Hajiya, ba babur ba ne da za a murɗa ya zabura. In an rage masa wuta don sauka, sai an jira ya tara ƙarfi.' Ta ce da matuƙin ya ƙara jinkiri kaɗan, da ba mu ne nan ba."

Mata suka ɗauki salati.

"Ni na tsira. Barira abokiyar tafiyata ce abin ya shafa. Tare muka yi ɗawafi, tare muka yi jifa, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ta riƙe hannuna lokacin da muke jiran injin nan. Da jirgi ya tashi na juya, bakinta ya karkace. Yanzu tana asibiti, rabin jiki ba ya motsi. 'Ya'yanta sun share gida a garin Balan suna jiranta." Ta ɗaga hannu. "Mai san nan, ko wane ne shi, Allah ya isa tsakanina da shi."

"Amin," in ji ɗaki gaba ɗaya. Barau bai ce ba. Hure ta dube shi, ta ci gaba da rabon dabino.

Bai ci naman ba. Hure ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma bai taɓa jin ta yi wa wani Allah ya isa ba. Ga shi ta yi, da bakin da bai daɗe da barin Arfa ba.

Da safe ya same ta ita kaɗai tana jan carbi. Ya tsuguna. Rabon da ya tsuguna wa wani, ya manta.

"Yaya, mai san nan. Ƙila bai yi da gangan ba. Ki yafe masa."

"Ka san shi ne?"



"Nawa ne. Don ke na saya."

"Na sani tun jiya. Kowa ya ce amin sai kai, kuma tunda nake ban taɓa ganin ka bar nama a akushi ba." Ta ajiye carbin. "Ka ga jirgin yana yin ƙasa?"

"Na gani."

"Ka ce wa masu gadi naka ne?"

"A'a."

"Ka je duba Barira?"



"Zan je," ya ce. "Yau zan je. Zan faɗa wa 'ya'yanta da bakina. Amma ki janye kalmar nan tukuna, Yaya. Ba zan iya tafiya da ita a kaina ba."

Hure ta ɗauki carbinta.

"Da ita za ka je. Ba zan janye ba."